Rabon Gaisuwa a Hantsar Wando

Dalilin da ya sa maɗinkan garinmu, in sun auna hantsar wando, wato tsakanin ƙafafu, suke ƙara yatsu huɗu su ce wannan "rabon gaisuwa" ne, ku zauna ku ji, ku bar mini wannan tsalle-tsalle.

Da can maza buje suke sawa, wando mai faɗin da za ka ɓoye ɗan akuya a ciki. Sai yayin tsukakken wando ya shigo, samari suka haukace. A lokacin akwai wani maɗinki, Jatau, mai rumfa a bakin kasuwa. Saurayi zai zo ya miƙe ƙiƙam, ya shanye ciki, ya ce a auna shi a haka. To wa ke wuni a tsaye a garin da kowane lungu akwai babba? Da ya tsuguna gaisuwa sai hantsa ta ce ɓarr. Kuma ba mai cewa laifinsa ne, kullum zaren Jatau ne ruɓaɓɓe.

Ƙara ta yi yawa, har Sarkin Kasuwa ya kira shi ya ce, "Jatau, in aka sake kawo mini ƙarar wandonka, ka kwashe kekenka, rumfar ta zama ta wani."

Jatau ya dawo ransa a ɓace. Shekara ashirin yana ci da iyalinsa daga rumfar nan, ga shi za ta tafi saboda yaran da ba su san girman mazaunansu ba.

Yana cikin wannan takaici sai ga Cindo, wani saurayi mai ji da kansa, da yadi a hammata.

"Tsuguna in auna ka," in ji Jatau.

"In tsuguna maka? Kai surukina ne?"

"Ba ni za ka tsuguna wa ba, igiyar awo ce."

Cindo ya ce shi atafau. Ana cikin ja-in-ja sai ga gwaggonsa Tabawa mai daddawa, tsohuwar da gaisuwarta ba ta ƙarewa. Dole Cindo ya zube. Tana tambayar gida da awaki da ciwon ƙafar babansa, Jatau kuwa ya lallaɓa ta baya ya ɗora igiya. Awon tsugune ya fi na tsaye da yatsu huɗu cif. Da na tsugunen ya yanka.

Ranar karɓa Cindo ya gwada, ya ga hantsa ta ɗan sauka, ya yi tsaki. Ya je wurin wani maɗinki ya yi masa matsattse, ya sa shi da 'yar shara, ya ja Jatau gaban Sarkin Kasuwa, wandon da Jatau ya ɗinka a hannu don shaida.

Jatau yana ta lissafin inda zai kai kekensa. Cindo ya matso, ya zube.

"Ranka ya daɗe..."

Ɓarr. Har masu goro sun ji.

Jatau ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan dai ba ni na ɗinka ba."

Sarkin Kasuwa ya ce, "Cindo, tashi ka faɗi ƙararka."

Cindo bai tashi ba. Ina halin tashi? Ya sunkuyar da kai, ya jawo wandon shaida ya rufe bayansa, ya ja da baya a tsugune har bayan rumfa. Da ya fito, wandon Jatau ne a jikinsa. Ya sake zubewa ya yi sallama, zare ko gezau bai yi ba.

Rumfa ta zauna wa Jatau har tsufansa, ko da yake bai daina mita ba.

Shi ya sa har yau maɗinkin garin nan ba ya yanka wando sai ya ajiye wa gaisuwa rabonta. Wanda ya ce a cire masa kuwa, sai a tambaye shi ko ba shi da manya.