Shaddar Sallah da Matar da Aka Kora Daga Guruf

Akwai wata baiwar Allah a Bodinga, Rahamatu, mai ɗa ɗaya, Mode. Yana da galahanga, ba ya magana. Ita ta buɗe guruf ɗin WhatsApp na iyayen irin waɗannan yara, kuma a can maganarta yankan wuƙa ce. Ta sha wahala, babu musu, amma wahalar ta sa ta ɗauka ita kaɗai ta sani.

Abu ɗaya ya fi ƙarfinta. Duk Sallah, da an sa wa Mode sabon ɗinki sai ihu da yage kaya, uban kuma ya ɗauko bulala. Da azumi ya yi nisa ta rubuta kukanta a guruf.

Wata Bahijja daga Shagari ta amsa: "Yaya, ki duba shaddar. Ni ma ina da galahanga, bara likita ya tabbatar min. Sabuwar shadda ji nike kamar an zuba min ƙaiƙayi."

Rahamatu ta hau ta da faɗa. "Ke da aure da ɗiya, kina rubutu tsab? Mi kinka sani?"

"Tun ina ƙarama ba ni iya kallon idon mutane."

"Wagga kunya ce, kowace ɗiyar kirki haka take! Kar ki maida ciwonmu kwalliya."

Aka yi ta turo dariya. Rahamatu ta cire Bahijja daga guruf ɗin, har tana jin ta kare mutuncin ɗanta.

Ranar Sallah aka sa wa Mode shadda mai ƙyalli. Kafin a fita idi ya soshe wuyansa har jini, uban ya zane shi. Rahamatu tana kuka ta tuɓe rigar, ta zura masa tsohuwar da yake kwana da ita. Yaron ya yi tsit, ya kwantar da kai a cinyarta.

Sai ta tuna maganar Bahijja. Ta nemo lambarta ta kira, ta ba ta haƙuri, ta roƙe ta ta dawo.

"Na yahe miki," in ji Bahijja. "Amma tun tasowata ake ce min mai baƙin hali. Sai bara na san ko ni wace ce, kuma ku na hwara hwaɗa wa, don na zaci 'yan uwana ne. Ba ni iya komowa."

"To wa za ya hwaɗa min abin da ɗana ka ji?"

Bahijja ta yi mata sallama, ta kashe waya.

Darasi: Wahalar da ka sha ba ta ba ka ikon ƙaryata ta wani ba. In mutum ya faɗa maka ko shi wane ne, saurara kafin ka yanke hukunci. Ku tura wa 'yan guruf ɗinku, musamman masu riƙe da shi.