Ranar Da Gilashin Motar Muhtari Ya Yi Gumi

Akwai wani ɗan kasuwa a Ƙauran Namoda mai suna Muhtari, yana da shagon kayan sola a bakin kasuwa. Mutum ne mai kyauta da son zumunci, kuma ba za ka sami wanda zai ce ya taɓa cin amanarsa ba. Aibinsa guda ne: ba ya son a nuna masa abu, balle a ce mai nunawar a bayansa aka haife shi.

Bara ya sayo mota mai aiki da lantarki daga Kano. Ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, sai dai ka ga ta sulalo unguwa shiru. Ya jera faifan sola a rufin gida yana yi mata caji. Daga ranar nan duk wanda ya kuskura ya yi kukan tsadar fetur a gabansa, to ya shirya shan wa'azi.

Ranar da aka je ɗauko ta, tare suka tafi da ƙanensa Faruku, malamin makaranta a Zurmi, magidanci da 'ya'yansa. Lokacin da mai sayarwa yake bayanin maɓallan motar, Faruku ne ya tsaya ya kasa kunne. Muhtari yana can waje yana ɗaukar hoto. Da aka kira shi ya zo ya ji, sai ya ce tun Faruku na wasan ƙasa yake riƙe da sitiyari, mota ai mota ce.

Ɗabi'u biyu ya riƙe a motar nan. Ba ya kunna esi, wato na'urar sanyaya mota, ko kaɗan, domin a tsohuwar motarsa ya saba cewa esi shan mai take yi, sai ya ɗauka a nan ma cinye caji za ta yi. Sannan ya danne maɓallin da ke hana iskar waje shigowa, ya bar shi haka. Dalilinsa shi ne matarsa takan turara masa motar da turaren wuta, shi kuma ba ya son ƙamshin ya fice. Duk tsawon rani babu wanda ya ga illar haka.

Mahaifinsu, Malam Nasidi, yana da wa a Shinkafi, Malam Shehu. Shekaru da yawa ba sa ga maciji. Magana ce ta tashi a kan katangar gidan gado, Malam Nasidi ya faɗa wa yayansa abin da ƙane ba ya faɗa wa wa, a gaban jama'a, sannan ya kwashe iyalinsa ya dawo Ƙaura. Ya daɗe da sanin shi ne da laifi. Kullum sai ya ce bayan sallah zai je ya ba da haƙuri, sallah ta zo ta wuce bai je ba.

Wata safiya a tsakiyar damina, ana ta marka, sai ga waya daga Khalil, babban ɗan Malam Shehu. Ya ce jikin tsoho ya yi tsanani, kuma tun jiya sunan ƙanensa yake kira.

Malam Nasidi ya miƙe ko karyawa bai yi ba, ya ce a kai shi tasha. Abu ɗaya yake so a duniya a wannan rana: ya iske yayansa da rai, ya riƙe hannunsa, ya nemi gafara da bakinsa.

Muhtari ya ce Allah ya kiyaye yana da mota ubansa ya shiga ta haya. Gaskiya ya faɗa, kuma ladansa na nan. Amma wanda ya san Muhtari ya san har da son dangin Shinkafi su ga motar. Faruku ya zo hutun ƙarshen mako, shi ma ya ce da shi za a je.

Mahaifiyarsu, Inna Furera, ta ce ba a zuwa duba marar lafiya hannu na dukan cinya. Nan da nan ta cika kula da farfesun kaza, ta zuba kunun gero mai zafi a wata. Murfin ɗaya daga cikinsu ya daɗe ba ya rufuwa da kyau. Kafin su fito daga zaure su shiga mota ruwa ya jiƙa musu tufafi. Malam ya zauna gaba, Inna da Faruku a baya da kuloli a tsakaninsu.

Suna fita gari ruwan ya ƙara ƙarfi. Aka ɗage gilasai duka. Mutum huɗu da jiƙaƙƙun kaya, ga tururin abinci, ga ƙofar iska a toshe. Ba a yi nisa ba gilashin gaba ya fara gumi ta ciki, fari-fari, tun daga gefe har ya taho tsakiya. Waifa mai share ruwan gilashi na ta kai da kawowa a waje, alhali matsalar a ciki take.

Faruku ya matso kusa da kunnen yayansa, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, da ka kunna esi ka maida iska bisa gilashi. Ga maɓallin nan mai zanen gilashi. Ka buɗe ma iskar waje kuma, lumfashinmu na da tururin kular ga ka kewayawa ciki."

Muhtari ya ce kwana da kwanaki ba rana, cajin bai cika ba, kuma Shinkafi babu inda zai jona mota. Ya ƙara da cewa Baba na fama da sanyin ƙashi, ba zai hura masa sanyi ba.

Faruku ya yi masa bayani a hankali. Ya ce aikin esi ba sanyi kaɗai ba ne, tsotse laimar da ke cikin iska take yi, kuma ana iya kunna ta a sa ta fito da ɗumi, Baba ba zai ji komai ba. Ya nuna masa allon motar, ya ce cajin da ke ciki zai kai su ya dawo da su har da saura, abin da share gilashi zai ci bai taka kara ya karya ba.

Muhtari ya ɗaga ido ya dube shi ta madubi.

"Hwaruku, ni da kai wa yas sai motag ga? Ka bari ka sai taka, sannan ka koya min."

Faruku ya koma ya jingina. A gidansu ƙane ba ya ja-in-ja da wa a gaban iyaye, kuma ya fi kowa sanin abin da irin wannan ta jawo wa mahaifinsu. Inna ta ce su bar maganar haka. Malam kuwa carbinsa yake ja, jikinsa ne kawai a motar, zuciyarsa ta riga su isa Shinkafi.

Sai Muhtari ya cire hularsa, sabuwar zanna, ya shiga goge gilashi da ita, hannu ɗaya a sitiyari. Ya share wuri kamar faɗin faifai, kafin ya mai da hannu wurin ya sake rufewa. Ya sauke gilashin gefe kaɗan, ruwa ya feso wa Malam a fuska, ya yi maza ya ɗage. Ku duba fa, mutum ya yarda ya ɓata hular da yake ji da ita, amma bai yarda ya miƙa yatsa ya danna abin da ƙanensa ya nuna ba.

Faruku ya sake gwadawa sau ɗaya. Ya ce ko tsayawa a yi a gefe har gilashin ya washe. Daidai nan Malam ya buɗe ido ya tambaya ko sun kusa. Muhtari ya ce saura kaɗan, ya ƙara taka mota, yana leƙe ta ɗan wurin da ya goge.

A gabansu akwai wani kwalbati da ruwa ya cinye gefensa. Muhtari bai gan shi ba.

Sai ji suka yi ƙafar gaba ta zurma, ƙara ta tashi, mota ta karkata ta tsaya da hanci a rami. Inna ta yi salati. Kunu ya malale a ƙafafunsu. Allah ya tsare, in ban da goshin Inna da ya bugu da kujera babu wanda ya ji ciwo. Amma taya ta fashe, ƙarfen ƙafar ya lanƙwashe, kuma irin motar ba ta zuwa da safayar taya. Ko da ta zo da ita ma ba ta da amfani a nan.

Suka duba waya, babu sabis. Hanya kuma ta yi tsit, domin a irin wannan ruwa direbobi a tasha suke zama su jira.

Muhtari ya fita ya tsaya a tsakiyar titi cikin ruwa, yana hangen ko wata mota za ta ɓullo. Da ya waiwaya baya sai ya ga abin da ya wuce bai lura ba. Ashe mutanen ƙauyen da ke kusa sun jera rassan ganye a kan titi tun daga nesa, kamar yadda aka saba yi idan akwai haɗari a gaba. Ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya bai gani ba.

A cikin mota numfashi ya fara yi wa tsofaffin nauyi. Faruku ya zagayo ya zauna a kujerar direba. Ya kunna esi, ya sa ta a ɗumi, ya buɗe wa iskar waje, ya mai da ita kan gilashi.

Muhtari yana tsaye a waje yana kallo. Farin nan ya fara janyewa daga ƙasa yana yin sama, kafin ya share ruwan fuskarsa gilashi ya yi tas. Ta cikinsa ya hango mahaifinsa sarai, tsohon ya ƙura wa hanyar Shinkafi ido, leɓensa na motsi. Da ya leƙa allon motar daga baya, cajin yana nan kusan inda yake.

Nan nadama ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Ya so a ce Faruku ya yi masa gori ko da kalma ɗaya, ko ya ji sauƙi. Faruku bai yi ba. Ya dai fito da lema ya miƙa masa.

Azahar ta yi suna wurin. Malam ya yi alwala da ruwan sama, ya yi sallah a zaune cikin mota. Sai can bayan ruwa ya tsagaita wata a-kori-kura mai ɗauke da awaki ta iso. Direban ya tausaya, ya sa Malam da Inna a gaba. Faruku ya ce su tafi, shi zai tsaya wurin mota tare da mutanen ƙauye. Muhtari ya hau baya ya tsuguna a cikin awaki, babbar rigarsa duk taɓo.

La'asar ta gota lokacin da suka shiga unguwar su Malam Shehu. Tun daga bakin lungu Malam Nasidi ya ga tabarmi a ƙofar gida. Ya ga maza suna dawowa a jere, ƙafafunsu da jar laka, wasu da fatanya a kafaɗa, biyu suna ɗauke da makara babu kowa a ciki.

Bai tambayi kowa ba. Ya sauko a hankali, ya dafa jikin motar.

Khalil ya taho ya rungume shi yana kuka. Ya ce gab da azahar Allah ya karɓi abinsa. Ya ce tun safe duk wanda ya yi sallama sai tsohon ya ɗaga kai ya tambaya ko Nasidi ne. Muhtari yana tsaye a baya yana ji, kuma ya san da sun iso lafiya da tun hantsi suna zaune a gefen gadon.

"Ya bar wasiyya, Bappa," in ji Khalil. "Ya ce in ba ka ishe shi ba, kai za ka yi mashi sallah. Mun jira ka. Mun kira waya ba ta shiga. Da ruwa yaf fara taruwa cikin kabari, malamai sunka ce kada a ƙara jinkiri."

Malam Nasidi ya zauna a ƙasa, a nan cikin laka, bai jira tabarma ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Muhtari ya durƙusa a gabansa. Mutumin da bai taɓa cewa ya yi kuskure a gaban kowa ba, ya faɗa a gaban jama'ar unguwa. Ya ce an gaya masa abin da zai yi ya ƙi, ya ce laifinsa ne, ya roƙi mahaifinsa ya yafe masa.

Malam ya ɗora hannu a kan ɗansa.

"Kwana nai yaƙ ƙare, ba kai kaƙ ƙare shi ba. Ni nib bari shekaru sunka wuce, ina cewa gobe. Na yahe maka."

Hawaye na bin gemunsa.

"Amma yau na taso, Muhtari. Yau kam na taso."

Ya miƙa hannu Khalil ya tashe shi, sannan ya ce a nuna masa inda aka sa Yaya. Muhtari ya yunƙura zai bi su, Malam ya ce ya zauna, shi kaɗai zai je.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. Idan an nuna maka daidai ka karɓa, ko daga bakin ƙanenka ya fito, domin wani lokaci ba kai za ka biya kuɗin taurin kanka ba, wanda ka fi so ne zai biya. Direbobi, idan gilashi ya yi gumi a cikin ruwa, ku kunna esi, ku buɗe wa iskar waje, ku mai da ita kan gilashi, in bai washe ba ku tsaya. Kada tattalin caji ko na mai ya sa ku tuƙa jama'a ido rufe. Wanda kuma yake da ɗan'uwan da ba sa magana, kada ya jira sallah mai zuwa. Ku tura wa direbobin gidanku da 'yan'uwanku, ko Allah zai sa wani ya ji tun kafin ya gani.