Gawon da Kwamiti Ya Ce Ya Bushe

Akwai wata baiwar Allah, Dakta Raudatu, da aka ba shugabancin sashen kula da filaye a wata jami'a mai reshe a karkara, can bayan Dawakin Tofa. 'Yar birni ce, mai son tsari, ko biro ba ta yarda a ajiye mata a karkace. Kirki kam tana da shi, sai dai saninta da noma bai wuce tukunyar fure ba.

A watan Agusta aka ce baƙi na zuwa buɗe sabuwar cibiyar koyar da ci gaba mai ɗorewa, wato yadda za a ci moriyar ƙasa yau ba tare da an bar wa jikoki faƙo ba. Kwamitin shirya bikin ya zaga gonar ɗalibai a mota mai sanyi. Ko'ina kore shar, sai wasu manyan bishiyoyi goma sha biyu a tsaye, babu ganye ko ɗaya.

"Waɗannan sun bushe," in ji wani farfesa ta tagar mota. "Za su ɓata mana hoto."

Raudatu ta sa hannu a takarda: a sare su ranar Litinin.

To a tsarin jami'ar, ƙaramin ma'aikaci ba ya magana da shugaba kai tsaye. Sai ya rubuta, takardar ta bi ta hannun mutum huɗu. Baba Abdulƙadir, dattijon da ya shekara ashirin yana kula da gonar, ya sa aka rubuta masa tasa ranar Alhamis. Har Litinin tana kwance a teburin wani akawu, an ɗora mata kofin shayi.

Litinin da hantsi Kamaruddeen, shugaban masu saran, ya bugo waya. "Hajiya, aiki ya tsaya. Baba ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin bishiya ta uku, ya ce ba zai tashi ba sai ya gan ki."

Ta iso ranta a ɓace, ta tarar da biyu a ƙasa. Baba ya miƙe ya gaishe ta, ya tambayi gida da yara, kamar babu abin da ya faru.

"Baba, a kan busasshen itace za ka tsayar da aikin hukuma?"

"Ki yi haƙuri, 'yata. Ba busasshe ba ne, gawo ne."

Ya ciro 'yar wuƙa ya kankare ɓawon wani reshe da ya faɗi. Ɗanye ne sharaf.

"Haka Allah ya yi shi. Da damina yake zubar da ganye, ganyen ya zama taki, rana ta samu shuka. Da rani kuma ya yi ganye, dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa. Taho ki gani."

Ya kai ta cikin gero. Wanda ke gindin gawo ya fi ta tsawo, ganyensa kore har yana duhu. Taku ashirin gaba, geron duk ya rame, da ƙyar ya kai kafaɗarta.

Kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta sa ido. "Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa, Hajiya. Takardar tana hanya."

Ta juya ga Kamaruddeen. Ya sosa ƙeya. "Wallahi mu ma mun sani. An ce mana daga sama ne."

Wannan maganar ce ta fi yi mata ciwo. Kowa a gonar ya sani, in ban da masu sa hannu.

Nan take ta tsayar da aikin, ta wuce ofishin shugaban jami'a ta ce kuskuren nata ne. Ba ta laɓe bayan kwamiti ba. Ta nemi daga yanzu kada a yanke hukunci a kan fili ko bishiya sai da ma'aikatan gona a teburin, kuma ɗaliban cibiyar su riƙa ɗaukar darasi a wurin Baba duk Laraba. Farfesoshi suka yi ta gunaguni, amma aka amince.

Larabar farko ita ma ta zo da littafinta, ta zauna cikin ɗalibai. Da aka tashi ta nuna kututturan nan biyu.

"Baba, in mun dasa wasu, yaushe za su kai haka?"

"Waɗannan tun ina yaro na tarar da su manya." Ya yi murmushi, ya miƙa mata fartanya. "Ni dai ba zan gani ba. Ke ma sai Allah. Amma haƙa ramin, 'yata."

Ta naɗe mayafinta, ta durƙusa ta fara haƙa.

Darasi: Makaranta ba a aji kaɗai take koyarwa ba, yadda ake tafiyar da ita ma karatu ne. Shugaban da ya toshe hanyar jin na ƙasa da shi zai iya rusa aikin shekara saba'in da sa hannu ɗaya. Ku tura wa duk wanda Allah ya ba kujera, ko da ta shugaban aji ce.