Farin Kwaɗo a Kan Busasshen Kara

Akwai wani manomi mai gona a bakin fadama. Wata shekara bazara ta yi tsanani, fadamar ta ƙafe, taɓo ya tsattsage, hadari kuma ya ƙi haɗuwa. Mutumin nan ya yi addu'a har ya gaji. Daga bisani ya ce a ransa Allah ya manta da wannan wuri. Sai ya umarci matarsa ta ɗaure kaya su bar gonar ubansa. Shi kuwa zai cinna wa ciyawar bakin fadama wuta, ya kama gafiyoyin da za su fito, su yi guzuri.

Da rana tsaka ya je. Ya durƙusa zai ƙyasta ashana ke nan, sai ya ga wani farin abu manne a jikin kara, bai kai kan babban yatsa ba. Ya ɗauka kashin tsuntsu ne. Ya kai hannu zai kaɗe shi, sai ya ga maƙogwaron abin yana motsi.

Ashe ɗan kwaɗo ne, irin masu hawa ciyawa. Ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashin ciki, ya lumshe ido, jikinsa ya koma fari fat don kada rana ta gasa shi. Ku ji ikon Allah fa! Halittar da aka ƙyanƙyashe a cikin ruwa, ga ta a tsakiyar rana, ba inuwa, ba ɗigon ruwa tun ɗaukewar damina, tana kuwa numfashi. Da ya duba sosai, ga wani can, ga wani nan, karare cike da su.

Tsoron Allah ya kama mutumin. Ya mayar da ashana aljihu, ya koma gida hannu wofi.

Matarsa ta ce, "Maigida, ina naman guzurin?"

Ya ce, "Kwance kayan nan. Na ga waɗanda suka fi mu ƙishi, ba su kuwa tashi ba."

Ruwa bai zo washegari ba, kada in yi muku ƙarya. Sun ƙara shan wuya, maƙwabta kuma suna ta yi masa dariya wai ya zama makiyayin kwaɗi. Amma ranar da sama ta buɗe, ya tsaya cikin yayyafi yana kallo, ƙananan nan suka miƙe ƙafa, launinsu ya dawo. Kafin faɗuwar rana fadamar duka ta ɗauki kukansu kamar ƙananan ƙararrawa. Ya tuna saura ƙiris ya ƙone su duka, sai hawaye suka zubo masa.

Ma'anar wannan misali ita ce, bazara lokacin wahala ce, sa'ad da ka yi addu'a ka ji shiru. Ɗan kwaɗon nan shi ne mai jiran Ubangiji. Ashana kuwa fid da zuciya ce, ita ce ke ƙone abin da Allah yake ɓoye da rai, a jeji ko a cikin gidanka. Ɗan'uwana, wanda ya riƙe ran kwaɗo a kan busasshen kara bai manta da kai ba. Kafin ka ƙyasta, durƙusa ka duba da kyau.