Motar da Ba Ta Tashi da Safe

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani manomin citta. Yana da mata da 'ya'ya uku, mahaifiyarsa tsohuwa kuma tana zaune tare da su. Tsohuwar nan tana fama da ciwon suga. Kowane wata sai an kai ta asibiti a cikin gari an ɗebi jininta, dokar likita kuwa ita ce kada ta sa komai a baki kafin a ɗiba. Saboda haka dole su bar gida tun da sassafe, su kama layi da wuri, kada yunwa ta galabaita ta.

Shekara biyu ɗanta yana goya ta a bayan babur. Wata rana da damina babur ya zame a taɓo, suka faɗi, tsohuwa ta gurɗe a kafaɗa. Ba ta yi kuka ba. Da suka dawo gida sai ta ce masa, "Ɗana, ka bar ni haka nan. Na gaji da hawan abin nan. In ranata ta zo, ta same ni a ɗakina."

Maganar ta soki mutumin ƙwarai. Ya san in ta daina zuwa asibiti, ba za ta daɗe ba. Ya ƙudura a ransa zai sayi mota ko ta halin ƙaƙa.

Ya zama kuwa a shekarar citta ta yi kyau, ta kuma yi daraja a kasuwa. Mutumin ya sayar, ya haɗa da ɗan abin da ya daɗe yana tarawa, ya shirya zuwa gari. Bai tafi shi kaɗai ba. Ya ɗauki Kawu Zakka, ƙanin tsohuwar, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana kanikanci kafin ƙarfinsa ya ragu. Kawu Zakka ba mai yawan magana ba ne. Kana iya tafiyar awa guda da shi a mota, abin da za ka ji daga bakinsa bai wuce "rage gudu" ba.

Rana ta take tsaka suka isa wurin sayar da motoci. Dillali ya tarye su da fara'a, ya sa aka kawo musu ruwan sanyi. Manomi ya faɗi abin da yake nema: motar iyali mai ƙofa huɗu, wadda za ta ɗauki mutum biyar ba matsi, but ɗinta ya ci buhu biyu, kada kuma ta zama mai shan mai.

Dillali ya fara nuna masa wata sabuwa dal, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Ba ta da wata kwalliya, amma ko ƙamshin cikinta ya isa ya gaya maka ba wanda ya taɓa hawanta. Da aka faɗi kuɗinta, manomi ya ga ba zai iya ba sai in ya sayar da gonar da ya gada, wadda ita ce ke ciyar da gidansa. Ya ce a nuna masa wata.

Sai aka kai shi gaban ta biyu. Ta hannu ce, 'yar Kwatano, amma in ba an gaya maka ba sai ka rantse jiya ta fito daga kamfani. Jawur take, tana walƙiya, kujerunta na fata, rufinta yana buɗewa, ga kuma ɗan allo a gaba yana nuna maka abin da ke bayanka. Kuɗinta kuwa daidai da abin da ke hannun manomi, kamar an leƙa aljihunsa.

Dillali ya ce, "Yallaɓai, wannan rabonka ce. Wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai gida."

'Yan'uwa, ni ban san yawan tsofaffin Turawan da ke duniya ba, amma duk motar da na taɓa tayawa a rayuwata, ta tsohuwar Baturiya ce.

Aka murza makulli, kik ɗaya ta tashi. Manomi ya shiga, dillali na gefensa, suka zagaya kan kwalta, sanyin esi na hura masa fuska. Kafin su dawo, ya riga ya hango kansa yana shiga ƙauye, mutane na miƙewa daga ƙarƙashin bishiya suna kallo. Ya hango inda zai ajiye ta a harabar coci, kusa da ƙofa, inda duk mai fitowa sai ya gan ta. Bari in faɗa muku gaskiya ba ɓoye-ɓoye: a wannan sa'a ya manta da tsohuwa sarai. Ba na zarginsa da yawa, domin ni ma da ni ne, da na manta.

Amma tun kafin a murza makullin, Kawu Zakka ya riga ya ɗaga bonet ya ɗora tafin hannunsa a kan injin, ya ji zafi. Ya jira har suka dawo. Sa'an nan ya dubi dillali ya ce, "Wa ya tayar da motar nan yau kafin mu zo?"

Dillali ya ce, "Babu kowa, Baba. Zafin rana ne."

Kawu ya ce, "To." Ya je ya taɓa injin sabuwar, wadda ke tsaye cikin rana ɗaya da ita, ya ji shi da sanyi. Daga nan ya taka zuwa bayan fili, inda aka jingine wata mota ruwan toka a gindin mangwaro, ganye ya zuba a kanta. Ita ma ta hannu ce. Ƙofarta ɗaya ta karce, kujerunta na yadi sun koɗe, dillali ko nuna ta bai yi ba. Kawu ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya tashi ya karkaɗe gwiwa.

Ya ja manomi gefe ya ce, "Da wane lokaci kake kai Yaya asibiti?"

Ya ce, "Da sassafe, Kawu."

"To, don me kake gwada mota da tsakar rana?"

Ran manomi ya ɓaci. Ya ce, "Haba Kawu, ai ka ji yadda ta tashi. Mutumin nan ya ce akwai wanda ya yi waya yana son ta. In muka yi sanya, sai mu ga samu mu ga rashi."

Kawu ya ce, "Kuɗinka ne. Amma 'yar'uwata ce za ta shiga ciki."

Manomi ya haƙura. Suka gaya wa dillali za su dawo gobe. Dillali ya ce su zo ƙarfe goma, lokacin ne ake buɗewa. Kawu ya ce ya ji. Suka kwana a gari wurin wani ɗan'uwa.

Kashegari ƙarfe shida na safe ta yi musu a bakin ƙofar filin, suna zaune a benci tare da maigadi, raɓa duk ta jiƙa gilasan motoci. Ƙarfe bakwai sai ga dillali ya iso, da ƙarti biyu a bayansa. Da ya gan su sai fara'arsa ta ragu.

Ya ce, "Baba, ai goma muka yi da ku."

Kawu ya ce, "Tsufa ne, ba ya barina barci. A kawo makullai."

Ya bi motocin uku ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora hannu a kan injin kowacce, duka sun yi sanyi. Aka fara da sabuwar, ta tashi nan take. Kawu ya ce, "Wannan ba ta da laifi ga mai ƙarfinta. Kai dai ba ka da shi."

Aka zo kan jar. Manomi da kansa ya murza makulli. Ta yi gurnani, ta yi shiru. Ya sake murzawa, ta yi tari, ta yi shiru. Sau shida yana murzawa. A na bakwai sai da ƙartin nan biyu suka taimaka da turi, ashe aikin da ya kawo su ke nan kowace safiya. Da ta tashi, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe daga salansa, injin yana ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmi. Bayan kamar minti goma ƙarar ta lafa, hayaƙin ya ɗauke, ta koma tana aiki lafiya lau kamar jiya.

Kawu ya ce, "Ka gani? Injin ya gaji. In ya yi zafi, ƙarfe ya kumbura, baƙin mai ya zagaya ko'ina, sai ya rufe masa asiri. Shi ya sa ake ɗumama ta kafin masu saye su zo. Fenti suka gyara, ba su taɓa ciki ba."

Sa'an nan aka share ganye daga kan mai ruwan toka. Maigadi ya ce ta fi mako ba wanda ya taɓa ta. Manomi ya murza makulli sau ɗaya, ta tashi, ba tari, ba hayaƙi. Kawu bai tsaya nan ba. Ya zaro sandar baƙin mai ya murza man a yatsunsa. Ya sa mutum biyar suka shiga, har da ƙartin nan, ya ce a bar kwalta a hau hanyar burji mai ramuka irin ta ƙauyensu. Ya gwada birki, ya saurari giya. Da suka dawo ya ce akwai taya ɗaya da za a canja, sauran kuwa siyan na gari ne, mayar da kuɗi gida.

Ita manomi ya saya. Da ya shiga ƙauye ba wanda ya miƙe daga ƙarƙashin bishiya. Wani ma cewa ya yi, duk cittar bana a nan ta ƙare?

Bayan wata biyar, cikin watan Agusta, an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Ba ranar asibiti ba ce. Matar manomi ta shiga gaishe da tsohuwa, ta same ta jiki ya saki, gumi na keto mata, ana kira tana amsawa da ƙyar. Suka ciccibe ta suka kwantar a kujerar baya. Manomi ya zauna a kujerar direba, ba maƙwabci ko ɗaya a waje da zai tura masa mota cikin wannan taɓo. Ya ce, "Ya Ubangiji," ya murza makulli. Ta tashi.

Tsohuwa ta kwana biyu a asibiti aka sallame ta. A hanyar dawowa ta shafa kujerar ta ce, "Ɗana, wannan yadin ya koɗe da yawa, ka sa a yi masa riga." Manomi ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, ya ce za a yi.

To, ku ji ma'anar misalin nan, domin ba don in koya muku sayen mota na tsaya ba.

Motocin nan mu ne. Tsakar ranar da aka yi gwajin farko kuwa, ita ce safiyar Lahadi irin ta yau. A nan kowa yana tashi kik ɗaya. An buga ganga, mawaƙa sun rera, zumuntar mata sun taka, an ɗumama mu tun daga bakin ƙofa. Wa zai kasa cewa "Amin" a cikin wannan zafi? Kowa fentinsa na walƙiya, har da mai yi muku magana. Amma Allah ba da tsakar rana yake gwada bangaskiya ba. Yana zuwa tun kafin a buɗe fili, ya ɗora hannu a kan zuciya lokacin da ta yi sanyi. Ranar Litinin, da aka ɓata maka rai a kasuwa. Ranar Laraba, da ba kowa a ofis sai kai da abin da ba naka ba. Ranar da ka yi addu'a wata shida ba ka ga amsa ba. A nan ne ake sanin wanda ke tashi da kansa, da wanda sai an tura.

Haka kuma in za ku auna wani, ko dattijon coci ne za a zaɓa, ko abokin sana'a, ko wanda ke neman auren 'yarku. Kada ku tsaya ga yadda yake jan waƙa a gaban jama'a. Ku je gidansa da safe ba tare da sanarwa ba, ku ji yadda yake magana da matarsa kafin ya wanke fuska. Kada kuma ku raina waɗanda ke gindin mangwaro. Akwai tsofaffi a bencin baya can, ba su iya dogon jawabi ba, rayuwa ta karce su, amma in aka yi rashi a gidanka, su za ka fara gani a ƙofa. Sababbin tuba kuma, Allah ya yi muku albarka, kun tashi da kyau. Ku dai kula da kanku, damina tana gaba.

Wani zai ce, "Fasto, ni ne jar motar. Na san kaina." Madalla da ka sani. Ina gaya maka da tabbaci, ba injin da ya gaji har ya fi ƙarfin Wanda ya ƙera shi. Abin da ba ya gyaruwa shi ne wanda ake ɓoyewa. Ka daina neman masu ɗumama ka kafin mutane su zo. Ka kawo masa kanka da sanyinka, da tarinka, da hayaƙinka, ka ce, "Ga ni, Ubangiji, buɗe ka duba." Zai gyara, na ga ya gyara waɗanda suka fi ka lalacewa.

Kada ka jira, domin ba kai kaɗai ke cikin tafiyar ba. Akwai ɗanka da ke kallon yadda kake yi, akwai matarka, akwai maƙwabcin da bai taɓa shiga coci ba, kai kaɗai ne ya sani. Wata safiya ɗayansu zai buƙace ka, ba ganga, ba mawaƙa, ba wanda zai tura. A ranar, ɗan'uwa, ba za a ba ka minti goma ka ɗumama ba.

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.