Ɓawon Gyaɗar Inna Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

A wani gari na namun daji an yi wata tsohuwa, Inna Bushiya, wadda kayan miyarta ba sa ƙarewa. Kowa da kaka zai tara man shanu da gishiri da daddawa, kafin bazara ta yi nisa tukwane sun bushe. Ita kuwa har damina ta faɗi miyarta na ƙamshi. Masu wucewa sukan tsaya a bakin danga su riƙe baki su ce, "Ikon Allah. Tukunya sai ka ce rijiya."

Kurege kuwa sarkin ɓarna ne. In zai zuba mai sai ya karkata tukunya, in ya yi wanka ya bar sabulu cikin ruwa ya narke. Ran nan ya leƙa ta danga, ya ga Inna ta ɗauko ɓarin ɓawon gyaɗa, ta tsoma a mai, ta juye a miya. Ya ce a ransa, "Ashe nan asirin yake." Tana shiga ɗaki ya yi wuf ya ɗauke.

Ko gwadawa bai yi ba, ya zarce gidan Kura, don ya ji ta samo man shanu tukunya fal.

Ya ce, "Yaya Kura, na gaji wani asiri. Man da ake ɗiba da ɓawon nan sai ya kai kaka. Ladana kawai in riƙa cin tuwo a gidanki."

Kura ta ce, "Na yarda. Amma in ya ƙare kafin a yanki gero, kai ne man, kai ne naman."

Kurege ya koma gida ya gwada a ɗan ragowar mansa. Ya tsoma ya juye, ya tsoma ya juye, sai ga gindin tukunya yana kallonsa. Ya ruga wurin Bushiya.

"Inna, ɓawonki ya lalace."

"Ɓawona da ya yi ƙafa? Sau nawa ka tsoma?"

"Ban ƙirga ba."

"Sau ɗaya ake yi, ɗan nema. Ɓawo ɗaya, rana ɗaya. Riƙe abinka, ina da buhu guda a bayan ɗaki."

To, mai ɓarna ya zama mai awo, don ransa ne a cikin tukunyar. Kullum ya tsoma ya juye, Kura ta ce, "Ƙara." Ya ce, "Asiri ya hana. Ɓawo ɗaya, rana ɗaya." Gishiri ma haka, daddawa ma haka. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fid da kai, mai yana nan rabin tukunya. Gari ya ɗauka. Giwa da kanta ta zo ta leƙa, ta koma da baya-baya tana salati. Shi kansa Kurege yakan duba ɓawon ya ji tsikar jikinsa ta tashi.

Amma kun san kwaɗayi. Wata rana Kura ta fita, ya ce bari ya ɗan lasa. Ya lasa, ya ƙara lasa, ya shiga ciki gaba ɗaya. Kura ta dawo ta tarar da jela a waje, tukunya ƙal. Ta jawo shi.

"An yanki gero?"

"Saura ƙiris, Yaya."

Ta wangale baki. Kurege ya ce, "Haba Yaya, loma ɗaya za ki yi da ni? Duk karatun da na yi miki? Gobe kuma ki ci me?"

Kura ta rufe baki a hankali. Ta ce, "Ɓawo ɗaya, rana ɗaya. Ta ina ake farawa?"

"Ta jela. Sai gashi ya ƙare ake isa nama."

Ta tsigi gashin jela, ta cika ɓawo, ta shafe bakin ɓawon daidai, ta tauna. Ta ce, "Ba ɗanɗano." Ya ce, "Farkon kurege haka yake. Ki dai riƙa ba ni tuwo kada in rame kafin ki iso."

Ta tsigi nan, can ya tsiro. Ta tsigi can, nan ya tsiro. Aka yanki gero, aka sake bazara, jela sai ƙara cika take. Kura ta tara maƙwabta, ta ce, "Ku duba abin al'ajabi. Tun kaka nake cin kuregen nan, ko raguwa bai yi ba." Suka kewaye shi suna kallo, shi kuwa yana tsakiya yana suɗe akushi.

Shi ya sa har yau jelar kurege take buzu-buzu.

Ƙurunƙus, na ɗaure ta a jelar kurege. Wanda ya iya awo, ko maƙiyinsa sai ya kai masa shekara. Gobe kuma in na ga wani ya karkata kwalbar mai, Kura zan aika wa.