Yatsu Uku a Hannun Zuhairu

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa Sarki Nu'umanu na ƙasar Gabas yana da likita, Zuhairu, wanda ya shekara ashirin yana duba shi kowace safiya. Shi ya koya wa Sarki sauraren jijiyar hannu da yatsu uku, yana cewa baki kan yi ƙarya, amma bugun zuciya ba ya yi.

Wata shekara Sarki ya kama haki, ƙafafunsa suka kumbura. Zuhairu ya ce zafi ne ya yi wa zuciya yawa, ya yi ta ɗura masa ruwan wardi, shiru kake ji. Sai wani mahauci, Mas'udu, ya nemi iso, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ban yi karatu ba, amma na tsaga zukata sun fi dubu. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, da ƙofofi masu hana jini komawa baya. Na taɓa yanka wani rago mai haki da kumburi, na tarar ƙofa ɗaya ta saki, ruwa ya cika masa jiki. A rage gishiri, a ba Sarki abin fitar da ruwa."

Aka yi haka, Sarki ya miƙe. Ya sa aka yi wa mahauci shimfiɗa dab da ta Zuhairu. To, shimfiɗar nan ita ta hana Zuhairu sakat. Hassada ta ci shi, ko nama ya gani a akushi sai ransa ya ɓaci. Karatun shekara arba'in, a ce mai wuƙa ya fi shi?

Ya keɓe da Sarki, ya ce maƙiya ne suka turo Mas'udu, maganinsa guba ce mai kisa a hankali, gara a fille masa kai. Ya rantse shi ba ya riƙe da mutumin a rai ko kaɗan.

Sarki ya ce ya miƙo hannu. Ya ɗora yatsu uku, ya shiga ambaton fadawa ɗaya bayan ɗaya, jijiya na tafiya lafiya lau. Da ya ce "Mas'udu", sai ta yi tsalle kamar ɗan akuya.

Zuhairu ya so ya janye, Sarki ya riƙe gam, ya ce, "Malam, kai ka ce mini ba ta ƙarya. Ita zan ƙaryata, ko kai?"

Zuhairu ya sunkuyar da kai. Sarki ya haɗa wa Mas'udu shimfiɗun biyu, ya tura Zuhairu mayanka shekara guda yana riƙe wa mahaucin ƙwarya. Masu hikima suka ce, wanda ya san zuciyar kowa bai san tasa ba, da sauran karatu a gabansa.